Ƙofar da Asetu Ba Ta Tsallake Ba

Duk wanda ya kwana biyu a Zongon Kwatano ya ga Asetu, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta ba sittin baya, kuma ko ba inda za ta, da sauri take tafiya. A kanta akwai tiren silba mai lanƙwasasshen baki, an rufe shi da farin ƙyalle. Ƙarƙashin ƙyallen ƙulle-ƙullen leda ne, kowanne da goro biyu da alewa uku. In ta tsaya a ƙofar gida ta yi sallama, ta miƙa ƙulli, ta faɗi gidan wa da ranar yaushe, suna ne ko aure, to an gayyaci gidan nan ke nan. In kuwa ta wuce ba ta tsaya ba, shi ma saƙo ne, kuma ya fi na farkon saurin isa.

Ita ce mai gayyar matan unguwa. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki.

A Jugu aka haife ta. Mahaifinta mutumin Gaya ne mai fataucin albasa, mahaifiyarta kuwa tana sayar da fura a bakin tasha. Tana da shekara goma sha tara ta auri Djibril mai tsire, suka hau jirgin ƙasa daga Paraku suka sauka Kwatano da akwati ɗaya da tukunya biyu. Djibril ya kafa tukubarsa kusa da tashar Jonke, ya shekara goma sha biyar yana gasa nama, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Ya bar mata ɗaki ɗaya da 'ya ɗaya, wadda yanzu take aure a Paraku. Asetu ta koma suyar ƙosai da dama koko a bakin lungunsu. A lokacin mai gayyar unguwa wata tsohuwa ce, Iya Aishat, wadda gwiwa ta fara ci. Ita ta riƙa kiran Asetu ta ɗaukar mata tire, tana dogara sanda a baya tana nuna mata ƙofofi. Da Iya Aishat ta kasa fita, ba wanda ya zauna ya yi shawara. Tiren dai ya kwana a ɗakin Asetu, ya kuma ci gaba da kwana.

Asetu ba ta yi lakwal ba, wato boko, ba ta san lambar gida ko ɗaya ba. Ƙofa ta sani. Ta san ta ƙarfe mai kukan akuya, ta san ta katako wadda sai an ɗaga ta kafin ta buɗu, ta san wadda labule ne kawai. Sun haura ɗari da sittin, har da na 'yan unguwa da suka tashi suka koma Akpakpa da Vedoko da Ladji. Waɗannan takan hau zem, wato acaɓa, ta je musu, tire a cinya, tana yi wa direban mai rawayar riga faɗa tun daga Zongo har bayan gada. In ruwa ya cika Ladji, sai ta tattare zani ta shiga. Ladanta ba shi da farashi. Wani gida turmin atamfa, wani shinkafa, wani cinyar rago. Amma abin da ya fi mata duk wannan shi ne babu gidan da take shiga a ce mata "wa kike nema?"

Tiren ba nata ba ne, na matan unguwa ne, matan unguwa kuma Hajiya Dija ce bakinsu. Hajiya Dija dillaliyar leshi ce a kasuwar Missebo, ta je Makka sau uku, tana da haƙorin zinari da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Bayan la'asar takan zauna a barandarta da wasu dattijai mata uku, ana shan shayi, ana auna halin mutane. A nan ake yanke wa ƙofa hukunci, da kalma biyu: "A tsallake."

Hukuncin hawa-hawa ne. Matar da ta saka ankon biki ta je kasuwa da shi tun kafin ranar, biki ɗaya aka tsallake ta. Wadda aka gani tana juye naman tukunya a jakar hannu, biki biyu. Gidan da aka gano maigidan yana sayar da giya a bayan shagonsa kuwa, nasu "sai an gani" ne, yau shekara huɗu ana ganin. Ba zagi, ba gaba. Za a gaishe ki a hanya, a sayi kayanki, a tambayi jikin yara. Sai dai ranar Asabar ki ji an kafa rumfa an jera kujerun roba, ki ga maƙwabtanki sun fito cikin zani iri ɗaya sun wuce ta gabanki. Kin kuma san in naki bikin ya zo, kujerun nan ke da 'ya'yanki za ku zauna a kai. Mazan gida ma suna ji a jikinsu, don matar da aka tsallake ba ta barin miji ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali. Yawanci ba a wata uku mai laifi take sayen goro, ta je barandar Hajiya ta durƙusa, magana ta mutu.

In aka tambayi Asetu ko abin yana damunta, amsarta ɗaya ce: "Ni ƙafa ce, ba ni ce baki ba." Tana da yadda take wucewa. In ta doshi ƙofar da aka hana, sai ta ɗaga hannu tana gyara ƙyallen tire, kamar iska ce ta taɓa shi, har ta wuce. A shekara ashirin da shida ba ta taɓa tsallake ƙofar da ba a ce ba, ba ta kuma taɓa tsayawa a wadda aka hana ba. Da wannan take alfahari, har zuwa maganar Mounira.

Mounira tela ce, haifaffiyar Zongo, ana kiranta Maman Fadel. Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Yamai, rabin wata ba ya gida. Ta yi lakwal har ta iya rubuta wasiƙa da Faransanci, kuma a unguwar nan ba mai kama ta a ɗinkin mata. Gidanta a kwana yake, yana da dogon bango mai inuwa. Inuwar nan ce ta jawo mata.

Duk shekara in Layya ta matso, Alhaji Maishanu, babban mai fataucin dabbobi, yakan sauke raguna daga arewa ya ɗaure su jikin bangonta, arba'in ko hamsin, har sati uku. Fitsari ya cinye gindin bangon, wari ya cika shagon ɗinki, masu kawo aiki suna toshe hanci da mayafi. Shekarar farko ta kai kuka wurin dattawa, aka ce ta yi haƙuri, Alhaji babba ne. Shekara ta biyu aka ce ta ƙara haƙuri, ai shi ya gina wurin alwala a masallacin lungu. Shekara ta uku wani rago ya zura kai ta taga ya cinye rabin mayafin wata amarya. Mounira ba ta je wurin kowa ba. Ta ɗauki ragowar mayafin ta hau zem sai komisariya, wurin 'yan sanda. Washegari aka kawo wa Alhaji takardar kira. Ya je cikin babbar riga, ya zauna kan benci tun safe har azahar tsakanin wasu da ake zargi da satar babur, kafin a ce ya kwashe ragunansa cikin kwana biyu. Ya kwashe.

Duk Zongo an yarda Mounira ce da gaskiya. Duk Zongo kuma an yarda ta yi abin da ba a yi. Mutanen da kakanninsu suka zo garin nan a baƙi ba sa son a kai maganar gida gaban hukuma, ko da maganar rago ce. Hajiya Dija ba ta ko ƙarasa kofin shayinta ba ta ce, "A tsallake. Sai ta je ta ba Alhaji haƙuri."

Mounira ta ce ba za ta ba. Aka yi wata bakwai a haka.

Ana cikin haka aikin titi ya iso layinsu. Aka yanke gaban gidaje, aka haƙa wata doguwar kwata mai zurfi tun daga kwana har masallaci, aka bar ta a buɗe ana jiran siminti. Ƙofar Mounira ta koma tana kallon rami. Da ta gaji da tsallaka katako da keken ɗinki da masu kawo aiki, sai ta kira magini ya toshe ƙofar, ya fasa mata wata a bango ta baya, a cikin wani siririn lungu mai ɗakunan haya. Ta sa aka shafa mata shuɗin fenti. Asetu ba ta san an yi ba. Ita dai in ta zo kwanar nan ƙyallenta take gyarawa, ba ta taɓa juyawa ta kalli ƙofar ba, balle ta ga babu ita.

Wata Talata aka ba ta gayya mai nauyi. Wassila 'yar Alhaji Maishanu ta haihu, jikansa na fari, namiji, suna ranar Asabar. Alhaji ya sa aka sayi goro fari ƙal, manya-manya. Asetu ta fara rabo tun da hantsi. Da ta shiga lungun masu haya sai ta ga sabuwar shuɗiyar ƙofa. Ƙa'idar da ta gada daga Iya Aishat kuwa ita ce, sabuwar ƙofa ba a wuce ta. Baƙo ne ya sauka, da goro ake shigar da shi cikin mutane.

"Salamu alaikum, masu gida! Baƙi ne ko 'yan gari?"

Wata tsohuwa ce zaune kan tabarma a tsakar gida, ido ɗaya a rufe da auduga. Asetu ba ta taɓa ganin ta ba.

"Wa alaikumus salam. Baƙuwa ce, 'yar nan. Daga Kandi aka kawo ni aikin ido."

"To sannu da zuwa, Iya, Allah ya ƙara sauƙi. Asetu ce mai gayya. Gidan Alhaji Maishanu, 'yarsa ta sauka lafiya. Suna ranar Asabar da safe, a zo da wuri kafin 'yan Akpakpa su cinye naman."

Ta durƙusa ta sa mata ƙulli a hannu. Tsohuwa ta lalubo bakin ledar ta kwance. Daidai nan ƙarar keken ɗinki da ke tashi a cikin ɗaki ta tsaya, aka ɗaga labule, Mounira ta fito da awo a wuya.

"Inna Asetu?"

"Maman Fadel? Me kike yi a gidan mutane?"

"Gidan mutane kuma? Gidana ne, Inna. Ƙofa na juya. Wannan surukata ce."

Asetu ta dubi tsakar gidan. Ga bishiyar gwanda, ga igiyar shanya, ga randar da ta sha ruwa a cikinta ba sau ɗaya ba. Ta baya kawai ta shigo. Kafin ta buɗe baki sai ta ji ƙas! Tsohuwa ta ɓare goro ta kai baki.

"Kai, goron nan ɗanye ne shar," in ji tsohuwar. "Wannan Alhajin mutumin kirki ne. Allah ya raya masa."

Ba wadda ta amsa da amin. Asetu ta ɗora tirenta ta fita.

Ba ta gama layi biyu ba labari ya riga ta barandar Hajiya Dija. Da la'asar aka aiko kiranta. Ta tarar da dattijan nan uku a zaune, shayi ya huce ba a sha ba.

"Asetu," in ji Hajiya, "idonki ne ya mutu, ko ƙafar ce ta fara yin hankalin kanta?"

"Hajiya, titi ne ya juya gidan."

"Titin ne ya miƙa goron? Duk goron da ke Kwatano ki rasa wanda za ki kai mata sai na Alhaji? Gobe a ce shi ya aika yana neman shiri!"

"Wallahi ban sani ba, Hajiya."

"Na yarda ba ki sani ba. Yanzu ai kin sani. Koma ki karɓo."

Dattijan suka dubi juna. Ɗayarsu, wadda ta girmi kowa a wurin, ta ce ita dai tun tasowarta ba ta taɓa jin an karɓo goron gayya ba. In ya shiga gida ya shiga.

"An ma ci, Hajiya," in ji Asetu.

"Ƙulli goro biyu ne. An ci ɗaya, ki kawo mini ɗayan, in nuna wa gidan Alhaji kuskure ne. In ba ki kawo shi kafin Asabar ba, ki kawo tiren."

Asetu ta kwana biyu tana juya maganar. Goro ɗaya ne, ba wani abu ba. Tiren kuwa shi ne duk abin da take da shi a garin nan. In babu shi, ita tsohuwa ce mai ɗaki ɗaya da kaskon ƙosai, wadda 'yarta take nesa. Ranar Alhamis da hantsi ta yafa mayafi, ba tire, ta nufi shuɗiyar ƙofa.

Mounira ba ta bari ta wahala da neman bakin zare ba. Ta ba ta kujera, ta kawo ruwa, ta jawo aljihun keken ɗinki ta fito da ledar ta ajiye a gabanta. Goro ɗaya, alewa biyu.

"Ga shi, Inna. Na san abin da ya kawo ki. Alewa ɗaya Iya ta tsotse, sai ki ba Hajiya haƙuri."

"Ke dai bakin nan naki."

"Ɗauki mana. Kada a raba ki da tirenki saboda ni."

Asetu ba ta taɓa ledar ba. Ta ce, "'Yar nan, me zai ci ki? Ki sayi goro, ki je ki durƙusa wa Alhaji. Minti biyu ne. Sa'an mahaifinki ne fa."

"Ragonsa ya zo ya durƙusa wa amaryar?"

"Rago ba ya durƙuso."

"To mai ragon ya yi masa." Ta ja tsaki, ta nuna wani tarin ɗinki a kan tebur. "Kin ga wancan? Ankon sunan ne. Mutum goma sha ɗaya na ɗinka wa. Su zo nan in auna su, mu yi dariya, su ce Maman Fadel hannunki dabam ne. Ranar biki kuma su bi ta wancan layin don kada mu haɗa ido. Wata bakwai, Inna. Ta taga nake jin sunan yaran unguwa." Ta ture tarin ɗinkin gefe. "Ba na cewa ba ya mini zafi. Yana yi. Amma ba zan ba da haƙuri a kan bangona ba."

Daga tsakar gida tsohuwar ta ɗaga murya. "Mai gayya ce? Zo ki duba mini, 'yar nan, idona bai gama buɗewa ba. Wannan zan ɗaura ran Asabar ko wancan?"

Asetu ta leƙa. Tsohuwa ta fito da zannuwa biyu daga ƙullin kayanta ta shanya a igiya suna shan iska, ɗaya kore, ɗaya ruwan ƙasa, duk sun sha ninki. Wata uku tana garin, in ji Mounira, daga asibiti sai tabarma, ba wanda ya taɓa kiran ta ko'ina.

"Koren, Iya," in ji Asetu. "Ya fi karɓar ki."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Mounira ta nuna mata ledar da ido. Asetu ta ce, "Mayar aljihu, kada tururuwa ta bi alewar."

Ranar Juma'a da safe ta wanke tiren da toka har yana ɗaukar ido, ta ninke ƙyallen a kai, ta kai barandar Hajiya ta ajiye a ƙasa.

"Ina goron?"

"Yana inda na ba da shi. Hajiya, na iya wuce ƙofa, shekara ashirin da shida ina wucewa, ban taɓa tambayar ki dalili ba. Amma hannuna bai iya karɓe abin da ya miƙa ba."

"Shi ke nan. Zongo ba ta rasa ƙafafu ba."

Ranar Asabar Mounira ta riƙo hannun surukarta suka je suna. Ba mai ikon korar su, goro ya shiga gidansu. Aka ɗan ja kujeru, aka ɗan kau da kai, amma da aka zo rabon abinci aka sa musu. Tsohuwar kuwa da ta ji an ce ga mai gida can, sai ta sa aka kai ta gabansa, ta yi ta sa masa albarka, ta ce ta ji labarin shi ne mai ragunan da babu irinsu a Kwatano. Alhaji ya ce amin, amin, yana kallon sama.

Asetu ba ta ga wannan ba, labari aka ba ta. Da safen ta yi wanka ta ɗauko zani, sai ta tuna ba wanda ya kawo mata goro. Shekara ashirin da shida ita ke kaiwa, ba a taɓa kawo mata ba. Ta mayar da zanin, ta jiƙa wake.

Hajiya ta ba wata maƙwabciyarta tiren, mace mai ƙarfi da son aiki. Gayyarta ta farko ta manta gida goma sha tara, ciki har da na matar Liman. Matar Liman ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, a rana ta uku ta zo baranda da ƙwaryar goro tana hawaye, tana roƙon a faɗa mata laifin da ta yi. Sauran sha takwas ɗin, wasu suka yi fushi, wasu suka fara tone-tonen wanda ya kai gulmarsu. Sai da Hajiya ta bi su gida-gida da ƙafarta.

Da wani ɗaurin aure ya taso, sai Nawal 'yar Hajiya, wadda take aiki a kantin magani, ta ce, "Mama, wai me ake da tire a zamanin nan? Ki yi magana a waya, in tura wa kowa." Hajiya ta yi gyaran murya ta ɗauki saƙon sau huɗu kafin ya yi mata. Nawal ta cire lambobin gidaje huɗun da ake tsallakewa, ta tura wa sauran. Kafin a yi sallar magariba, wannan ta tura wa ƙanwarta, waccan ta tura wa abokiyar kasuwarta, muryar Hajiya ta shiga kowane gida a Zongo tana cewa "ana gayyatar ki." Ranar ɗaurin auren gidajen nan huɗu duk suka zo. Matar mai giya ta zo da wuri ta kama kujerar gaba, da aka harare ta sai ta ɗaga waya ta kunna saƙon. Wasu mata suka zo daga Vedoko a zem shida, ba wanda ya san su. Shinkafa ta ƙare kafin azahar. Tsofaffin unguwa kuwa, waɗanda zuwansu ne ke sa biki ya yi nauyi, ba su leƙo ba. Ɗayarsu ta ce ita ba a gayyace ta ba, waya ce kawai ta yi ƙara.

Bayan sati ɗaya, da safe, Asetu tana bakin lungu tana juya ƙosai, sai ga Hajiya Dija da kanta, da wata babbar jakar leda a hannu. Ta zauna kan bencin masu shan koko, ta ɗauki ƙosai ɗaya ta gutsura.

"Ya sha mai."

"Hannun ne ya manta, Hajiya."

"Auren 'yar Chérif ranar Lahadi ta sama."

"Allah ya sanya alheri. Sai a tura a waya."

"Wayar banza! Abin da bai san ƙofar da zai wuce ba." Ta tura jakar da ƙafa zuwa gefen murhu. Bakin tiren ya leƙo. "Goro yana gidan Chérif, an ƙulla. Ki fara da matar Liman."

Asetu ta tsame ƙosai ta zuba a kwando, ba ta dubi jakar ba. "Ƙofa nawa za a tsallake?"

"Uku."

"Da huɗu ne."

"Na iya ƙirga, Asetu. Maman Fadel da ta ci shinkafarmu sau biyu a gaban kowa, me ya rage a tsallake?"

"Alhaji fa?"

"Alhaji ya kama fili a bayan gada, can zai ɗaure ragunansa bana. Ya ce dama wurin nan ya yi masa kaɗan." Ta miƙe tana karkaɗe zani. "Ki rage man nan, kada ki kashe mutane."

Ba wanda ya ba wani haƙuri, har yau. Mounira ba ta durƙusa ba, Alhaji bai taɓa ambaton bangon ba, Hajiya kuma in aka tayar da zancen sai ta ce ita ba ta tuna an yi wani abu ba. Asetu ta sauke kasko ranar nan tun kafin wake ya ƙare. Ta fara da matar Liman, ta bi layin masallaci, ta shiga lungun masu haya ta tsaya a shuɗiyar ƙofa ta ba da ƙulli biyu, ɗaya na Mounira, ɗaya na mutuniyar Kandi. Ƙofofi ukun da aka ce kuwa ta tsallake su, kamar yadda ta saba.

A ta ukun, matar mai giya tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta bari sai da Asetu ta kusa wucewa, sannan ta ce, "Inna! Ni ma in na kira magini ya juya mini ƙofa fa?"

Asetu ba ta tsaya ba. "Juya mana, 'yar nan. Yanzu sai na ga fuskar mai gida kafin in miƙa."

"To in na samo suruka daga Kandi?"

"Ki samo wa mijinki wata sana'ar, ya fi miki sauƙi," in ji Asetu, ta ɗaga hannu ta tsayar da zem, don akwai gida ashirin da biyu a Akpakpa suna jiran ta kafin la'asar.